Ulbio Ya Dawo Shi Kaɗai

A Palmarito babu gadar siminti da jirgi zai jingina. Rairayi ne shimfiɗe tsakanin duwatsu biyu, sai rumfar kwano inda mata suke gyaran kifi, sai gumaguman itace da ake jerawa a ƙasa a mirgina jiragen a kansu har tudu. Jiragen su ashirin da ɗaya ne a garin, ƙanana masu inji a baya, kuma kowace mace tana gane ƙarar na mijinta tun bai zagayo dutse ba. Wata Talata cikin watan Maris, ashirin suka dawo.

Wanda bai dawo ba shi ne na Ulbio Anchundia da Aquiles Mero. Shekara goma sha tara mutanen nan suna fita tare. Jirgin na Ulbio ne, tarun na Aquiles, abin da aka kamo a raba biyu. Aquiles ne ya riƙe 'yar Ulbio a coci ranar da aka yi mata baftisma, tun daga ranar kuma ba wanda ya ƙara kiran ɗan'uwansa da suna, sai dai kompadre. Ulbio dogo ne siriri, yakan wuni bai ce uffan ba. Aquiles kuwa gajere mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa. Idan ya rasa mutum sai ya kama kifin cikin taru da hira. Mutanen gari sukan ce wannan jirgi ba ya bukatar rediyo.

Mako guda aka yi ana nema. Masunta suka ajiye kamun kifi, suka bi teku kudu da arewa har fetur ya ƙare musu. Sojojin ruwa suka yi kwana uku suka ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Da aka cika kwana goma sha biyar, fada, limamin coci, ya zo daga garin bakin titi ya yi musu addu'ar matattu su biyun. Sai ga shi a rana ta ashirin da uku wani katafaren jirgin kamun kifi na wata ƙasa ya hango abu yana lilo a inda ƙaramin jirgi ba ya zuwa. Mutum ɗaya ne a ciki, a kwance, yana ɗaga tsumman tamfol a bakin sanda.

Ranar da aka sallami Ulbio daga asibiti a birnin Manta, garin duka ya fito bakin hanya. Aka busa ƙaho, aka harba wuta sama, tsofaffin mata suna shafa fuskarsa suna kuka. Ya rame har wandonsa sai da aka ɗaure da igiya, leɓɓansa duk sun tsattsage. A rumfar kifi aka zaunar da shi kan akwatin ƙanƙara aka ce ya ba da labari. Ya ce wani ƙarfe ne ya karye a cikin injin, ruwa ya yi ta jan su yamma. Ya ce sau biyu aka yi musu ruwan sama. Ya ce sun ci ɗanyen kifi, sun sha jinin kififiya.

"To Aquiles fa?" in ji wani daga baya.

"Cikin barci ya rasu, rana ta goma sha bakwai. Na yi masa addu'a, na sa shi a ruwa."

Dioselina, matar Aquiles, tana tsaye jikin ginshiƙin rumfar da wuƙar aikinta a hannu. Ta zuba masa ido, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta goge wuƙar a gaban rigarta, ta juya ta yi gida.

Murnar ba ta wuce mako biyu ba. Aka kawo jirgin a bayan babbar mota. Mijin Yadira, 'yar Ulbio, wanda yake makanike a birnin Guayaquil, ya haɗo masa wani tsohon inji ya aiko. Ulbio ya kankare jirgin ya sake masa fenti, ƙarfinsa ya fara dawowa. Amma taru ba ya jawuwa da mutum ɗaya. Ya tafi wurin Wilfrido Quijije, wanda ba shi da jirgin kansa, kullum yana neman wanda zai bi.

"Wilfrido, ina neman na biyu. Rabi da rabi, yadda muke yi da marigayi."

Wilfrido ya sosa ƙeya, ya dubi ƙafarsa. "Kash, Don Ulbio, da jiya ka zo. Na riga na yi wa wani alkawari."

Ulbio ya san jirgin da ake nufi. Mutum uku ne a cikinsa tuni, har suna taka juna. Ya wuce. Na biyun da ya tambaya bai yi kwana-kwana ba: ya ce matarsa ta sa shi ya rantse a gaban San Pedro, waliyyin masunta, don ta ce teku ta riga ta ɗanɗana wannan jirgi, za ta dawo neman sauran. Na uku da ya hango shi tun daga nesa sai ya duƙa yana gyaran abin da bai lalace ba.

Abin da ake faɗa a bayansa kuwa, a shagon Doña Hermelinda ya ji shi, wata Asabar da la'asar. Ya shiga sayen gishiri da ashana, maza suna zaune suna karta. Teófilo mai sayar da ƙanƙara, wanda tun hantsi yake sha, ya ɗaga kwalbarsa ya rungume.

"Jama'a, kowa ya ɓoye tasa! Ga mai shanye rabon mutane ya shigo."

Ulbio ya juyo ya dube shi.

"Wasa nake yi, dogo, kada ka harare ni. Abin ne dai ya ƙi shiga kaina. Jarka ɗaya, baki biyu. Mai tumbi ya mutu, ƙashi da rai ya dawo. Ku gaya mini, ta ina?"

"Rufe mana baki, Teófilo," in ji Doña Hermelinda. "Giya ce take magana."

Amma babu wanda ya ce ƙarya yake yi. Ba wanda ma ya ɗago ido daga kartarsa. Ulbio ya karɓi gishirinsa, ya manta ashanar a kan kanta.

Daga nan ya koma kamun kifi da fatsa, shi kaɗai, a gindin duwatsun kudu inda ana iya ganin rufin coci. Yakan samu abin da zai ci da ɗan abin sayarwa. A Palmarito al'ada ce duk jirgin da zai shiga ruwa ko zai fito, duk namijin da ke kusa sai ya sa kafaɗa, ko da kuwa ba sa ga maciji da mai jirgin. Ba su daina tura masa ba. Sai dai turin jirgi a garin nan da ihu ake yin sa, da zagin wasa, wannan ya ce wancan ya kwana yana cin wake, wancan ya ce matar wannan ta fi shi ƙarfi. Idan na Ulbio ne kuwa, sai su zo su tura shiru, su karkaɗe hannu su watse. Ya gwammace a ce sun ƙi zuwa.

Gidansa na gora ne bisa dirkoki, a ƙarshen layi. Matarsa ta tafi Sifen aikin shekara biyu, yau shekara goma sha ɗaya. Da tana kira lokacin Kirsimeti, daga baya ta daina. Yadira tana bugo waya ranar Lahadi ta ce, "Baba, ka zo ka zauna da mu mana," ya ce mata to, sai bayan damina. Da can bai taɓa jin gidan ya yi masa faɗi ba, domin kwana kawai yake yi a ciki. Kunnensa a cike yake dawowa da surutun Aquiles, ranar Lahadi kuma a gidan Aquiles yake cin miyar kifi da gyaɗa da agada, mai gidan yana ba da labarin kifin da ya kuɓuce, kowane mako kifin yana ƙara girma, Dioselina tana cewa daga madafa, "Makon jiya da hannu ɗaya ka auna shi." Yanzu idan zai sauka bakin ruwa ta bayan maƙabarta yake zagayawa don kada ya bi ta ƙofarta. Ita ma a rumfa tana gyara kifin kowane jirgi, nasa ne kawai idan ya iso sai ta sami abin da za ta ɗauko a gida.

Shirun cikin jirgin ne ya fi cinsa. Yakan kama kifi ya juya baya don ya nuna, sai ya ga benci. Wata rana ya ji kansa yana yi wa wani jan kifi magana, yana tambayarsa ina sauran danginsa. Ya tsaya cak da kifin a hannu. Ranar bai ƙara jefa fatsa ba, ya zauna har rana ta karkata yana kallon kwasakwasa suna faɗawa ruwa.

Haka aka tafi har watan Agusta, lokacin da sama take wuni a lulluɓe, iskar kudu tana busowa da sanyi. Wata safiya ya sauko da jarkar fetur a kafaɗa, sai ya tarar da Dioselina tsaye a jikin jirginsa. Ta sa rigar ruwan Aquiles mai ruwan ɗorawa, ta naɗe hannuwan, tana riƙe da takalmanta na zuwa coci da wani ƙunshi a tsumma.

"Ina kwana, komadre," ya ce. Haka ya saba kiran matar kompadrensa. Wata biyar ke nan rabon da ya faɗi kalmar.

"Lafiya lau. Fetur ɗin nan zai kai mu inda ba a ganin ƙasa?"

"Mu?"

"Ni da kai. Ko akwai wani da yake rububin binka?"

Ya ajiye jarkar. "Komadre, ruwan yau ba shi da daɗi. Kuma ke ba ki taɓa..."

"Shekara talatin da ɗaya ina wanke wa mutum gishiri daga riga, ban taɓa wuce inda ruwa yake kawo mini gwiwa ba. Yau zan gani. Za ka kai ni ko in nemi wani?"

Mutanen bakin ruwa sun riga sun tsaya da aikinsu. Wata daga rumfa ta ƙwala mata kira: "Dioselina! Kin haukace ne? Mace a jirgi, kuma wannan jirgin?"

"Idan ban dawo ba ki ɗauki kajina," in ji Dioselina, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ɗaga ƙafa ta haura, ta zauna a bencin tsakiya, ta ɗora takalman a cinya. Sannan ta dubi mazan. "Ku kuma fa? Sai an aiko muku da takarda?"

Suka zo suka tura.

Tun ba su gama ƙetare raƙuman bakin gaɓa ba fuskarta ta canza launi. Kafin su wuce dutsen arewa ta leƙa gefe ta amayar da kofin da ta sha da safe. Ulbio ya rage gudu.

"Mu koma?"

"Ja mu tafi." Ta goge baki da hannun rigar. "Allah Sarki. Kullum ya dawo ya miƙe a ragar kwanciya yana nishi, ni kuwa ina ce masa rago, wai zaman jirgi ne aiki."

Suka yi ta tafiya. Gidaje suka zama ɗigo-ɗigo, cocin ya ɓace, duwatsun suka koma kamar hayaƙi, daga baya su ma babu. Ulbio bai ƙara zuwa nan ba tun watan Maris. Ya ji tafin hannunsa yana gumi a kan mariƙin injin duk da sanyin iskar. Dioselina ta juya gabas, ta juya yamma, ta sake juyawa.

"Kashe shi," ta ce.

Ya ƙara riƙe mariƙin.

"Kashe injin, kompadre. Ina so in ji yadda wurin yake."

Ya kashe. Ƙarar ta ɗauke, sai ruwa yana marin cikin jirgin, sai igiyar anga tana gogar katako. Jirgin ya juya gefe ya fara lilo. Sun daɗe a haka. Ta riƙe benci da hannu biyu tana kallon ruwan, toka-toka, ko'ina iri ɗaya.

"Nan ne?"

"A'a. Can gaba, nesa ƙwarai. Ko da jarka goma ba za mu kai ba."

"Amma haka yake."

"Haka yake. Sai dai can rana ta fi zafi."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Aquiles bai taɓa yin komai shiru ba tunda uwarsa ta haife shi. Barci ma da minshari yake yi, yana ciniki da dillalan kifi a mafarki. Ka tsaya gaban gari ka ce ya tafi cikin barci kamar jariri. Wannan ka gaya wa fada. Ni ba ruwana da maganar jarka da suke yi, na san ka, ko lemo aka ba ka sai ka raba. Amma ka yi mini ƙarya ranar, na gani a bakinka. Yau babu kowa, daga ni sai kai sai ruwan da ya ci shi. Faɗa mini."

Ulbio ya dubi hannuwansa. Ya yi wata biyar yana shirya wannan magana a ransa, da ta zo kuma sai ya rasa ta inda zai kama.

"Cikinsa ne ya ƙi ɗanyen kifi," ya ce. "Duk abin da ya haɗiye sai ya dawo. Ni nawa ya karɓa, ban san dalili ba. Da ruwan jarka ya ƙare sai ya fara shan na teku a ɓoye, idan na juya baya. Na kama shi sau biyu. Ya ce kurkure baki yake yi."

"Ci gaba."

"Kwanakin farko shi ya riƙe mu. Ya ba ni labarin duk wanda ke garin, har waɗanda suka mutu. Ya ce idan mun koma zai ci tukunya guda shi kaɗai, ba zai ba ni ko romo ba. Daga wajen kwana goma sha uku maganar ta fara cakuɗewa. Yana kiran mahaifinsa. Yana faɗa da mutanen da ba sa nan."

Wani tsuntsu ya zagaya kansu ya wuce.

"Rana ta goma sha bakwai da safe ya tashi zaune, idonsa tar, kamar ya warke. Ya ce, 'Kompadre, ba ka ji ƙararrawa ba? Mun iso.' Ya ce yana jin ƙanshin gasasshiyar agada. Ya ce ga ki can kina shanya a bayan gida, za ki kashe shi don ya makara. Sai ya ɗora ƙafa a gefen jirgi. Na riƙo rigarsa na jawo shi. Can an jima ya sake, na sake jawo shi. Sai na ɗaure shi da igiyar anga a wannan bencin da kike zaune."

Dioselina ta dubi bencin, ba ta motsa ba.

"Ya yi kuka, komadre. Ya zage ni, ya zagi uwata. Ya ce shekara goma sha tara ashe maƙiyi yake bi, ga gida yana gani na hana shi. Igiyar ta yanke masa fata, fatar ta riga ta yi laushi. Har rana ta take yana roƙona. Da ya yi shiru, ya ce ya haƙura, sai na kwance shi. Na rarrafa ƙarƙashin tamfol a goshin jirgi na kwanta, don kaina yana juyawa."

"Sai ka yi barci."

"Ban yi barci ba." Ya ɗago ido karo na farko. "Da na yi barci da na gaya miki tuntuni. Idona biyu. Na ji ya tashi. Na ga ya ɗora ƙafar. Tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Na ce wa jikina tashi, bai tashi ba. Kuma abin da ban sani ba har yau, ko kasawa na yi, ko kuwa na gaji ne na bar shi. Kullum sai na koma wurin na duba. Wata rana in ga ba ni da ƙarfin ɗaga hannu ma. Wata rana in ga da na so da na kai."

Ruwa ya mari jirgin. Dioselina tana numfashi da baki a buɗe.

"Ya nutse nan take?"

"A'a. Ya yi iyo. Kin san ya iya. Kuma gabas ya nufa, bai yi kuskure ba, daidai inda gida yake. Na ga kansa yana hawa yana sauka, har na daina gani."

"Bai ce komai ba?"

"Ya ce." Ulbio ya goge fuska da tafin hannu. "Da ya shiga ruwan ya waiwayo ya ce, 'Ka ɗaure jirgin da kyau, dogo, kada ka yi irin ɗaurin nan naka.'"

Wani sauti ya fito daga bakin Dioselina, ya fara kamar dariya. Ta dunƙule ta kifa fuska a kan takalman da ke cinyarta, kafaɗunta suna rawa cikin babbar rigar. Ulbio bai matsa kusa ba. Ya zauna a inda yake yana jiran duk abin da za ta yi masa.

Da ta ɗago, idanunta sun yi ja wur.

"Da ka bar shi a ɗaure."

"Da na bar shi."

"Da ya mutu a ɗaure kamar alade, yana zagin uwarka."

"Haka ne."

Ta daɗe tana kallon gabas. Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Daga bisani ta kwance ƙunshin nan. Dafaffiyar agada ce da ɗan cuku, sun huce. Ta gutsura ta kai baki, cikinta ya ƙi, ta miƙa masa sauran.

"Ci. Ni ba zan iya ba. Mu tafi gida, na gani."

Ya ajiye abincin a gefe, ya miƙe ya kama igiyar tayar da inji ya ja. Injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake ja. Shiru. Ya dafa murfin injin, igiyar ta suɓuce masa, bakinsa ya bushe ƙamas kamar bai taɓa shan ruwa ba. Ya dubi ruwan, babu komai ta kowace fuska, ga mutum zaune a bencin tsakiya.

"Kompadre," in ji Dioselina a hankali. "Kompadre Ulbio. Dube ni. Ba ka buɗe fetur ɗin ba. Ko ni da nake jin labari a madafa na san wannan."

Ya duba. Gaskiyarta. Ya murɗa, ya matsa robar bututun fetur sau uku, ya ja. Injin ya kama. Ya zauna daɓas, ya juya goshin jirgin, bai yarda ya dube ta ba har duwatsu suka fito.

Rabin garin yana bakin ruwa lokacin da suka iso. Dioselina ta sauka cikin kumfa, ƙasa tana juya mata, wata ta riƙe ta. Aka kewaye ta ana jira.

"Me kuke kallo? Ku kawo itace ku jawo wa mutum jirginsa."

Abin da ta ce ke nan, kuma ba ta ƙara ba, ranar ko bayanta. Matan rumfa sun yi juyin duniya ta ce ta je ganin teku ne, ta gani, ba ta burge ta ba. Washegari da kwandon Ulbio ya iso rumfa ita ta jawo shi gabanta ta gyara.

Garin bai sauya ra'ayi a kwana ɗaya ba, wasu ma ba su taɓa sauyawa ba. Masu cewa an shanye ruwa suka koma cewa akwai wata a ƙasa tsakaninsa da matar. Wannan ma ba ta daɗe ba, domin a ƙarshen Satumba ɗan Dioselina ya zo da mota daga Manta ya kwashe ta da kayanta. Ta ce ba za ta iya ci gaba da jin ƙarar injuna da la'asar ba. Kafin ta tafi ta sa an gina ɗan kabarin siminti a maƙabarta, babu kowa a ciki, an rubuta sunan Aquiles da shekarunsa. Ta tsaya a ƙofar Ulbio, motar tana jira.

"Ni ba lallai in riƙa zuwa ba, gwiwoyina sun fara. Ka riƙa shafa masa farar ƙasa ranar matattu. Kada ka bari ya fi na kowa datti, ka san shi da son a gan shi."

"Zan yi, komadre."

"Kuma ka riƙa cin abinci. Kana nan kamar sandar rake."

Cikin Oktoba ya sami na biyu: Don Eulogio, tsoho ɗan shekara saba'in da 'ya'yansa suka hana shi fita, ya kurumce, ido ɗaya ya yi fari. Babu jirgin da yake ɗaukarsa. Bai ji abin da ake faɗa a gari ba, ko kuma ya ji bai damu ba. Hannunsa dai ya san taru. Sukan wuni su biyu a ruwa, magana ba ta wuce nuni da haɓa.

Ranar biyu ga Nuwamba, ranar matattu, Ulbio ya hau maƙabarta da bokitin farar ƙasa da burushi. Wurin ya cika. Kowane kabari da danginsa, sun shimfiɗa tabarmi, sun kawo furanni da burodi da tulun kunun baƙar masara, ana ci ana hira da na ƙasa. Ya ratsa ta tsakaninsu, wasu suka amsa gaisuwarsa. Ya cire ciyawar da ta fito, ya share, ya shafa sau biyu, ya bi haruffan sunan da tsinke don kada farin ya rufe su. Ya ja baya ya duba. Ya yi kyau.

Ko rabin bokitin bai ƙare ba. A gefe akwai wani tsohon kabari da ya yi baƙi, sunan ya goge, gicciyen ya karkace, babu wanda ya zo masa. Ulbio ya miƙar da gicciyen, ya tokare shi da dutse, ya shafe kabarin. Bayansa akwai wani irinsa, ƙarami, ya shafe shi. Ya yi ta bin layin da ke jikin katanga, inda ba kowa, har burushin ya fara kartar gindin bokiti. Lokacin mutane sun fara naɗe tabarmi. Ya wanke hannu a famfon bakin ƙofa, ya rataya bokitin a hannu, ya gangara bakin ruwa ya duba ko gobe za a iya fita.